SHAIHU ABDULWAHID YAHAYA: BATUREN DA YA CE DUNIYA GANGARA TAKE YI

Duk wanda ya shiga makarantar boko an karantar da shi cewa ɗan Adam ya faro ne daga kogon dutse, yana farauta da gatarin dutse, ya yi ta ci gaba sannu a hankali har ya kai ga ƙera jirgin sama da taka duniyar wata. To, an yi wani Bature mutumin ƙasar Faransa wanda ya ƙare rayuwarsa yana cewa wannan karatu a juye yake. A wurinsa duniya ta fara ne da zamanin zinariya, lokacin da mutane ke kusa da gaskiya, tun daga nan kuwa gangara take yi, har ta iso zamanin baƙin ƙarfe, watau wannan da ake ciki. Sunan da iyayensa suka raɗa masa shi ne Rene Guenon, amma mutanen birnin Alƙahira, inda ya yi shekaru ashirin na ƙarshen rayuwarsa, da sunan Shaihu Abdulwahid Yahaya suka san shi.

An haife shi a garin Blois, a bakin kogin Loire, ranar 15 ga watan Nuwamba na shekarar 1886. Mahaifinsa mai zanen gine-gine ne, gidansu kuma gidan 'yan ɗarikar Katolika ne masu riƙo da addini. Yaron ya tashi ba shi da ƙoshin lafiya, saboda haka wata 'yar'uwar mahaifiyarsa, wadda malamar makaranta ce, ita ta fara koya masa karatu a gida. Da ya shiga makaranta sai ya yi fice a fannin lissafi. A cikin 1904 aka tura shi Paris domin ya shirya wa jarrabawar shiga manyan makarantun ƙasar, amma bayan shekara biyu ya watsar da shirin.

Abin da ya ɗauke masa hankali shi ne ƙungiyoyin asiri, waɗanda a zamanin nan suka cika birnin Paris. Turawa da yawa sun gaji da coci, kimiyya kuma ba ta kashe musu ƙishirwa ba, sai suka koma neman ilimin ɓoye ta kowace hanya. Guenon ya shiga makarantar wani likita mai laƙabin Papus, wanda shi ne jagoran masu wannan harka. Daga nan ya dinga shiga ƙungiya bayan ƙungiya, yana karɓar muƙamai masu manyan sunaye. Ya zauna da masu kiran ruhohin matattu, har suka kafa wata ƙungiya tasu bisa umarnin da suka ce sun samu ta wannan hanya, abin da ya sa Papus ya kore shi. Wata ƙaramar coci ta masu da'awar ilimin baɗini ta naɗa shi bishop tun bai wuce shekara 23 ba, kana ya shugabanci mujallarta daga 1909 zuwa 1912. Da ya gama zagayensa sai ya yanke hukuncin cewa yawancin waɗannan mutane holoƙo ne, hadarin kaka: ga sunaye da tufafi da rantse-rantse, amma babu wani malami na gaskiya da suka gada daga gare shi.

A daidai wannan lokaci ne ya haɗu da wani mai zanen hotuna ɗan ƙasar Suwidin, Ivan Agueli, wanda ya musulunta ya ɗauki sunan Abdulhadi. Shi wannan mutum ya zauna a Masar, ya karɓi ɗarikar Shaziliyya a hannun Shaihu Abdurrahman Ilaish al-Kabir, ya kuma zurfafa a littattafan Ibn Arabi. Ta hannunsa ne Guenon ya shiga ɗarikar a tsakanin 1910 da 1912, aka ba shi suna Abdulwahid Yahaya. Amma fa bai bayyana wa kowa ba. A cikin 1912 ɗin ma a coci aka ɗaura masa aure da wata malamar makaranta, Berthe Loury, ya ci gaba da zama tamkar kowane Bafaranshe. Rashin lafiya ya sa ba a ɗauke shi soja ba a Yaƙin Duniya na Farko. Koyarwa ya kama, har aka tura shi garin Setif na ƙasar Aljeriya a 1917 ya koyar da falsafa.

Bayan yaƙi ya rubuta wani babban kundi a kan koyarwar addinin Hindu, ya miƙa wa Jami'ar Sorbonne domin neman digirin digirgir. Jami'ar ta ƙi karɓa. Babban masanin harkokin Indiya, Sylvain Levi, ya soke shi da cewa ya yi watsi da tarihi, yana magana kamar koyarwar Hindu ba ta taɓa canzawa ba. Guenon ya buga kundin a matsayin littafi a 1921, tun daga ran nan kuma shi da malaman jami'a suka zama wuta da auduga.

ZAMUNNA HUƊU

Maganar rabe-raben zamani ba shi ya ƙago ta ba, tsohuwar magana ce. Wani mawaƙin Girka mai suna Hesiod, manomi ne da ya rayu wajen shekara 700 kafin haihuwar Annabi Isa, ya lissafa al'ummomi biyar da suka gaji juna: ta zinariya, waɗanda ba su san wahala ko tsufa ba, ƙasa na ba su abinci ba tare da noma ba, sai ta azurfa, sai ta tagulla masu son yaƙi, sai ta jarumai, sa'an nan ta baƙin ƙarfe, wadda ya yi baƙin cikin samun kansa a cikinta. Mawaƙin Rum, Ovid, ya mai da su huɗu. Har ila yau a Littafin Daniyel na cikin Baibul akwai mafarkin Sarki Nebukadnezzar, wanda Larabawa ke kira Bukhtanasar, inda ya ga gunki mai kan zinariya, ƙirjin azurfa, cikin tagulla, ƙafafun ƙarfe, tafin ƙafa kuma gaurayen ƙarfe da yumɓu.

Amma mutanen Indiya su suka fi kowa tsara al'amarin, don kuwa har lissafi suka yi masa. Suna kiran kowane zamani yuga. Na farko Krita, na biyu Treta, na uku Dvapara, na huɗu Kali. Sunayen nan daga wasan caca na mutanen da aka ɗauko su: jifa mai huɗu ita ce mai ci, jifa mai ɗaya, watau Kali, ita ce ta asara. Sun kamanta gaskiya da adalci da wani bijimi wanda a zamanin farko yake tsaye da ƙafa huɗu, kowane zamani ya shigo sai ya rasa ƙafa ɗaya, har ya zamana a zamanin Kali da ƙafa ɗaya tak yake dogarawa. Tsawon rai ma haka yake raguwa, daga shekara 400 zuwa 300, zuwa 200, zuwa 100. Zamanin farko shekara 1,728,000 ne, na biyu 1,296,000, na uku 864,000, na huɗu 432,000. In an tara an sami 4,320,000, daga nan sai a sake sabon zagaye. Musulmi sun daɗe da sanin wannan lissafi, domin Abu Raihan al-Biruni, wanda ya koyi harshen Sanskrit a zamanin Sultan Mahmud na Gazna, ya kawo shi dalla-dalla a littafinsa kan ƙasar Indiya wajen shekarar 1030.

Abin da Guenon ya yi shi ne ya haɗa waɗannan labarai wuri guda, ya ce ai duk magana ɗaya ce. A ganinsa akwai wata hikima ta asali da aka saukar wa ɗan Adam tun farkon zagayen, addinan gaskiya kuwa rassanta ne, kowanne da zahirinsa da baɗininsa. Da zamani ya yi ta nisa da tushe sai hikimar ta yi ta ɓuya, abin da kowa ya sani a da ya koma sai 'yan kaɗan. A cikin 1927 ya fito da wani ɗan littafi wanda ma'anar sunansa ita ce Rikicin Duniyar Zamani, ya buɗe shi da babi a kan zamanin duhu. Ya ce an shafe fiye da shekara 6,000 a cikin Kali, kuma an shiga ƙarshensa, inda duhun ya fi kauri. Ƙasashen Turai su ne a gaba wajen gangarar. Ya sa farkon lalacewarsu a ƙarni na 14, lokacin da Sarki Philip na Faransa ya kama mayaƙan coci da ake kira Templar a 1307, aka ƙone shugabansu a 1314. Zamanin da Turawa ke alfahari da shi suna kiransa na farfaɗowar ilimi, shi mutuwa ya kira shi.

Lalle littafin ya faɗo a kan gaɓa. Ba a fi shekara tara da gama yaƙin da ya ci sojan Faransa kusan miliyan ɗaya da dubu ɗari huɗu ba, yaƙin da aka yi shi da bindigogi masu sarrafa kansu da iskar guba, watau 'ya'yan ci gaban da ake taƙama da shi. Mutumin da ya binne 'ya'yansa ba ya buƙatar dogon bayani kafin ya yarda cewa duniya ba gaba take yi ba.

Akwai kuma masu irin wannan ra'ayi na zamunna da bai raga musu ba. Wata mata 'yar Rasha, Helena Blavatsky, ta kafa ƙungiyar Tiyosofi a New York a 1875, tana koyar da cewa jinsuna bakwai ne za su gaji juna a duniya: na uku ya zauna a wata nahiya mai suna Lemuriya, na huɗu a Atlantis, mutanen yanzu su ne na biyar, kowane jinsi kuma yana ɗara na bayansa. Guenon ya rubuta littafi guda a 1921 yana kiran abin addinin jabu, wanda aka ɗinka da tsummokaran Indiya da ra'ayin Turawa na ci gaba. A 1923 ya bi masu kiran ruhohi da nasu littafin. Wanda ya kwana a ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Sai dai shi ma bai tsira daga tatsuniya ba. Ya yarda cewa cibiyar hikimar asali a can ƙuryar arewacin duniya take, inda yanzu babu kome sai ƙanƙara, ya yarda an yi Atlantis ta nutse, kana ya rubuta littafi a kan wani Sarkin Duniya da ke zaune a ɓoyayyen gari mai suna Agarta.

ZAMAN MASAR

A watan Janairu na 1928 matarsa ta rasu, ba a rufa shekara ba innarsa da ta koya masa karatu ta bi ta. Wata yarinya 'yar dangin matar, wadda suka riƙa tun tana ƙarama, uwarta ta zo ta ɗauke ta. Gida ya zama kango. A farkon 1930 ya tafi Alƙahira tare da wata attajira Ba'amurkiya da ta yi alkawarin ɗaukar nauyin buga littattafan Sufaye, da niyyar ya yi wata uku yana tattara su. Matar ta koma, kuɗin bai zo ba, shi kuwa bai sake taka ƙasar Faransa ba har ya mutu.

Shekarun farko ya sha talauci. Ya kama ɗaki a tsohon gari, kusa da Azhar da masallacin Sayyidina Husaini, ya ajiye kwat ya sa jallabiya, ya riƙa jin Larabci kamar ɗan gari, yana salla cikin jam'i, yana halartar zikirin Shaihu Salama Radi na Shaziliyya. A nan masallacin ya saba da wani dattijo, Shaihu Muhammad Ibrahim, wanda ya ba shi auren 'yarsa Fatima a 1934. Daga baya suka koma unguwar Duƙƙi, a wani gida da wani Ba'ingile mai ƙaunar littattafansa ya saya masa. Ba ya son baƙi, ba ya son a san inda yake, wasiƙunsa ma ta akwatin gidan waya suke zuwa. Yana da yaƙinin cewa abokan gaba na jifansa da sihiri daga Turai. Amma daga wannan ɗaki ne ya riƙa aika maƙaloli kowane wata zuwa wata mujalla a Paris, yana amsa wasiƙu daga Turai da Indiya da Amurka ta Kudu har tsakar dare.

A nan ne, cikin 1937, ya yi lissafin da ya fi jawo magana. Ya ce alƙaluman littattafan Indiya ba a ɗaukarsu a kan zahirinsu, an ƙara musu sifiri ne da gangan don a ɓoye gaskiyar adadin. Abin dubawa kawai shi ne rabon huɗu, uku, biyu, ɗaya. Sai ya koma ga taurari. Masana sun san cewa duniya tana wani lilo a hankali yayin da take juyawa, kamar yadda katantanwa ke yi in ta kusa faɗuwa, lilo ɗaya kuma yana cin shekara kusan 26,000. Guenon ya ɗauki adadin 25,920, ya raba shi biyu ya sami 12,960, ya riɓanya sau biyar ya sami 64,800, ya ce wannan shi ne tsawon zagayen ɗan Adam na yanzu. Ya ƙarfafa hujjarsa da cewa mutanen Babila sun ba sarkinsu na zamanin ɗufana shekara 64,800 daidai. Da aka raba, zamanin zinariya ya tashi da 25,920, na azurfa 19,440, na tagulla 12,960, na baƙin ƙarfe 6,480.

To, a nan mai karatu zai lura da wani abu. Malaman Hindu sun ce Kali ya fara ne a shekara ta 3102 kafin haihuwar Annabi Isa, watau shekara 5,100 da 'yan kai kawai aka ci, saura kimanin 427,000. A lissafinsu ko asuba ba ta yi ba. A lissafin Guenon kuwa magariba ta gabato. Ashe mutumin da ya zargi wasu da yi wa koyarwar Indiya kwaskwarima, shi ma ya sa mata almakashi. Masu tonon ƙasa kuma ba su sami ko kasko ɗaya na mutanen zinariya a ƙarƙashin ƙanƙarar arewa ba, labarin Atlantis ma ba a san shi a wurin kowa ba kafin Aflaton. Amsarsa ita ce ilimin zamani makaho ne, ba zai iya ganin abin da ya fi ƙarfinsa ba. Amsa ce mai kulle ƙofa, don ba ta bar wa kowa hanyar gwada maganar ba.

Duk da haka babban littafinsa, wanda ya fito a 1945 da sunan Mulkin Adadi da Alamomin Zamani, ba abin yarwa ba ne. A ciki ya ce alamar zamanin ƙarshe ita ce a mai da kome abin ƙidaya. Maƙeri na da yana sa kansa a cikin aikinsa, sana'arsa ibada ce, ma'aikacin masana'anta kuwa lamba ne, in ya faɗi a sa wani. Kuɗi a da ana buga musu alamun addini, yanzu sun zama adadi tsagwaro. Lokaci kansa gudu yake ƙarawa, kamar dutsen da ya gangaro daga tudu. Bayan mutane sun ƙafe a kan abin duniya, sai katangar da ke kare su ta fara tsagewa ta ƙasa, ya kuma kamanta wannan da katangar Yajuju da Majuju. Daga nan addinan ƙarya su yawaita, har a kai ga Dujal, sa'an nan al'amari ya juye a buɗe sabon zagaye. Wanda ya dubi yadda a yau ake auna darajar mutum da yawan mabiyansa a intanet zai ce mutumin nan ya hango wani abu. Amma littafin yana da tabo, domin a wani wuri ya jera Einstein da Bergson da Freud yana danganta ɓarnar zamani da asalinsu na Yahudawa, a shekarar da duniya ke ganin abin da irin wannan magana ta haifar a Jamus.

Musulmi sun rabu a kansa. Waɗansu sun ji maganarsa ta yi daidai da abin da suka sani, cewa mafi alherin ƙarni shi ne na Manzon Allah, sai na bayansa, sai na bayansa. Shaihu Abdulhalim Mahmud, wanda ya shugabanci Azhar daga 1973 zuwa 1978, ya san shi, ya kuma yi rubutu yana yabonsa. Waɗansu malamai kuwa suka ce Musulunci bai san zagaye mai komawa farko ba, daga halitta sai tashin ƙiyama, kuma ba su yarda da daidaita addinai ba ko da ta fuskar baɗini ne.

Mabiyansa ma hanya biyu suka bi. Da yake ya nace cewa karatu kaɗai ba ya isa, dole mutum ya shiga addini ya riƙi shari'arsa ya nemi shaihi, Turawa masu yawa sun musulunta ta dalilinsa. Frithjof Schuon ya tafi Mostaganem a Aljeriya a 1932 wurin Shaihu Ahmad al-Alawi, ya dawo ya kafa zawiya a Turai, ko da yake daga baya sun saɓa da Guenon a kan sassauta shari'a. Martin Lings, watau Abubakar Sirajuddin, wanda ya yi masa hidima a Alƙahira, shi ne ya rubuta sanannen tarihin Annabi da Turanci wanda ya fito a 1983. Ɗaya hanyar kuwa ta siyasa ce. Guenon ba ya ƙaunar dimokuraɗiyya, yana ganin rabe-raben mutane irin na Indiya shi ne tsari na gari, amma bai taɓa shiga jam'iyya ba. Julius Evola na Italiya ya ɗauki maganar zamunna huɗu ya zuba ta a littafinsa na 1934, ya gauraya ta da aƙidar fifikon jinsi wadda Mussolini ya yaba, 'yan ta-kifen Italiya na shekarun 1970 kuma suka mai da shi limaminsu. Aleksandr Dugin na Rasha da Steve Bannon, wanda ya ba Shugaba Trump shawara a 2017, duk sun ambaci Guenon cikin waɗanda suka karanta.

Ya karɓi takardar zama ɗan ƙasar Masar a ƙarshen shekarun 1940. A ƙarshen 1950 ciwo ya kwantar da shi, Allah Ya yi masa rasuwa ranar 7 ga watan Janairu na 1951 yana da shekara 64, aka ce sunan Allah ne abu na ƙarshe da ya fita daga bakinsa. An yi masa salla a masallacin Sayyidina Husaini, aka binne shi a maƙabartar Darrasa, a hubbaren gidan surukinsa. Ya bar 'ya'ya mata biyu da namiji ɗaya, matarsa kuma tana da ciki, bayan wata huɗu ta haifi ɗa namiji aka mayar masa da sunan mahaifinsa.

Abu ɗaya da ya ƙi yi har ya koma ga Mahaliccinsa shi ne faɗin shekarar da zamanin baƙin ƙarfe ya fara, don ya san duk wanda ya sami farkon zai ƙara 6,480 ya fitar da ƙarshen, shi kuwa yana ganin illar irin wannan duba ta fi amfaninsa. Almajirai ba su yi haƙuri ba. Suka bi littattafansa suna tsintar alamu, waɗansu suka tsayar da 1999, shekarar ta zo ta wuce. Wani mai suna Gaston Georgel, wanda ya rubuta littafi a kan zamunna huɗu na ɗan Adam, shi 2030 ya tsayar.